Tsibirin da Aka Sa wa Sunana

Mijina Hagbart Nyvoll shi kaɗai na sani a duk gaɓar Tromso da yake loda busasshiyar ciyawa buhu-buhu ya kai ta ƙasar ƙanƙara, inda babu saniya babu tunkiya. Duk shekara in ƙanƙarar teku ta fara sakewa, sauran maza na loda gishiri da harsashi da ganguna, shi yana loda ciyawar da na yanka da hannuna a bayan gida. Mazan bakin jirgi su jeru suna tambayarsa ko doki ya ajiye a Spitsbergen, ko kuwa wata ce can take son katifa mai laushi. Sai ya yi murmushi ya ce su gaida gida. Iyakar amsarsa ke nan, shekara da shekaru.

Bari in faɗi kamanninsa, kada a ɗauka kyau na bi. Gajere ne, kunnuwa kamar hannun tukunya, sanyi ya cinye masa yatsun ƙafa tun yana saurayi, yana tafiya yana karkata kamar jirgin da aka yi wa mugun lodi. Magana kuwa sai ka jawo ta kamar igiyar anga, ƙarfen nan mai nauyi da ake jefawa ruwa ya tsayar da jirgi. Ranar da ya zo neman aurena ya zauna a ɗakin girkinmu, ya shanye butar kofi guda, ya yabi murhun babata, ya tashi ya tafi. Babata ce ta fassara mini cewa aure ya zo nema.

Ɗan masunci ne, an sa shi a jirgi tun gemu bai fito masa ba. Ya yi wa mutane bauta a jiragen farauta har ya samu nasa, wani tsohon ƙaramin jirgi mai injin da ke tari kamar kakana. Da shi yake shiga Tsibirai Dubu, can kudu maso gabas da Spitsbergen, inda ba kowa ke zaune ba, tsibiran ma ko suna ba su da shi. Taswirar wancan zamani ɗige-ɗige ce kawai kamar kashin ƙuda a bango, ƙarƙashin ruwan kuma duwatsu ne masu haƙora. Wanda ya gaji da jirginsa ne ke kutsawa ciki.

A can ya samu wurinsa. Wata shekara hazo ya rufe shi, ruwa ya tura shi ta wani tsukin hanya tsakanin duwatsu, da hazon ya yaye sai ga shi cikin wani lungu shiru kamar ruwa a kwano. Gabansa tsibiri mai ɗan tudu, ko'ina agwagin teku kwance a kan sheƙa. Agwagwar nan in za ta kwanta a kan ƙwai, gashin ƙirjinta take figewa ta shimfiɗa, kuma gashin nan shi masu hali na kudu ke cusawa a bargo. Yanyawa ba ta iya ƙetarawa can, mutum kuma bai san hanya ba.

Kowa ya san yadda mazanmu ke yi in suka faɗa wa irin wannan wuri. Su kwashe ƙwai, su kwashe gashi, su harbe uwar a sa a tukunya, baɗi su nemi wani tsibirin. Hagbart kuwa sai ya ɗaga ƙwan ya sa cikin hularsa, ya ɗebi gashi ya bar kaɗan, ya shimfiɗa ciyawata a sheƙar, ya mayar da ƙwan, ya matsa gaba. Agwagwa ta dawo ta yi ɗan gunaguni ta kwanta. Shekara ta zagayo ta dawo, 'ya'yanta ma su dawo. Har ta kai ba sa tashi in sun gan shi, sai ya sa hannu ya ɗaga su. Abokin tafiyarsa guda ne, ƙanensa Alfon, wanda ya fi shi rashin magana, in har hakan na yiwuwa.

Ni kuma duk hunturu ina zaune ina tsefe gashi a kan zaren da aka ɗaure a katako, ina atishawa, ina tsine wa agwagi da wanda ya kawo su. Amma da gashin nan muka yi rufin gida, da shi muka tura 'yarmu makaranta. Duk gari an san Hagbart na da wuri, ba a san ina ba. Yayana Kornelius, mai babban jirgi da babban ciki, ya taɓa bin sa a baya, Hagbart ya yi ta zagaye da shi cikin ƙanƙara har Yaya ya haƙura. Ya gwada ɗura masa barasa, ashe Hagbart in ya bugu waƙar coci yake yi. Ya gwada ni, na ce masa ban sani ba, kuma gaskiya na faɗa. Hagbart ya ce abin da ban sani ba, ba za a zare mini shi a wurin shan kofi ba. Na yi fushi, daga baya na ga mutumin ya san matarsa.

Da aka ce ƙasar ƙanƙarar ta zama tamu, gwamnati ta ga bai dace ta mallaki abin da ba ta san siffarsa ba, sai aka fara turo masu zanen taswira daga babban birni. Suna da madubin awo mai ƙafa uku, suna da takarda, amma ba su da jirgin da zai shiga lungu. Haka Injiniya Moland ya faɗo gidanmu. Dogo ne, siriri, mai tabarau, ga ladabi kamar za a naɗa shi fasto. Jirgin da zai kai shi arewa ya yi jinkiri, ya sauka a wurinmu ya ci kifina da dankalina, yana yabawa kamar bai taɓa ganin kifi ba. Har kwano ya so ya wanke mini, na ce ya bari kada maƙwabta su ce na yi masa asiri. Suka shirya da Hagbart cewa in mijin nawa ya gama harkar gashinsa ta farkon bazara, zai sami Injiniya can ya yi masa aiki har sanyi ya kore su.

Aikin kuwa na jaki ne. A ɗauki madubin nan a baya a hau dutse, a tara duwatsu a yi tuli har ƙirji, Injiniya ya kafa madubi ya hango wani tulin a kan wani dutsen, ya auna, ya rubuta, a sauko a nufi na gaba. Da haka ake ɗinke ƙasa, tuli zuwa tuli. Hagbart ya so mutumin nan, son da ban taɓa ganin ya yi wa wani namiji ba. Injiniya da kansa yake ɗaukar kayansa, tukunya ɗaya suke ci, yana barinsa ya leƙa madubi, yana kiransa Kyaftin. Kafin nan ba mai ilimin da ya taɓa tambayar Hagbart wani abu in ban da ko kifin na yau ne.

Bazara ta kusa ƙarewa sai aiki ya cije. Sun auna gaɓar babban tsibiri, sun auna tsibiran waje, amma babu inda za a tsaya a hango tulin ƙarshe na wannan da tulin farko na wancan a haɗa su. Duk tsibiran tsakiya kwance suke kamar faranti. In ba a haɗa ba, aikin bazara guda ya zama hannun riga biyu babu riga. Suka yi ta yawo, hazo na zuwa yana tafiya, sabuwar ƙanƙara ta fara kama bakin ruwa. Injiniya ya daina cin abinci, ya zauna yana goge tabarau. Hagbart kuwa ya san tudun da ake ganin duka biyun daga kansa, don ya sha zama a can yana shan taba. Alfon ya ga inda idonsa ya nufa, ya ce masa kada. Kalmar da Alfon ya furta a wannan satin ke nan, kuma ta tafi a banza.

"Akwai wuri," in ji Hagbart. "Amma in ka koma, ɗigo za ka yi masa kamar sauran. Ba suna, ba hanya."

"Ɗigo kawai, Kyaftin," in ji Injiniya. "Ga hannuna."

Suka yi musafaha. Da suka shiga tsukin, Injiniya ya tsaya a goshin jirgi yana jefa igiya mai dalma yana duba zurfi. Hagbart ya dube shi, Injiniya ya ce hannunsa ne ya saba, ba ya iya wuce ruwa bai taɓa gindinsa ba. Suka sauka. Ruwa cike da agwagi da 'ya'yansu, ƙasa cike da sheƙa, kowace da ciyawata. Injiniya ya tsuguna ya ɗauki ciyawar ya shinshina, ya ce bai taɓa ganin abu mai kyau kamar wannan ba, har ya cire tabarau. Hagbart da hannunsa ya gina tulin a kan tudu, mai kyau, wanda iska ba za ta taɓa ba. Har ya ƙara da cewa ai tulin zai yi masa amfani, don in mutum na daga teku ya daidaita shi da wani tsagaggen dutse, to bakin hanyar ke nan. Ba wanda ya tambaye shi. Mutumin da ya yi shekaru baki a ɗinke, ranar ce ya zaɓa ya yi surutu.

Ya dawo gida wani mutum daban. Duk hunturu Injiniya ya ce kaza, Injiniya ya yi kaza. Na ce masa da Injiniyan nan siket yake sawa da tuni na haɗa kayana. Ya yi dariya har da tari.

Hunturu biyu suka wuce, mun manta da zancen. Ranar nan da safe ina shanya kifi sai ga Yaya Kornelius, ya cire hula ya rusuna mini har cikinsa ya hana shi ƙarasawa. Na tambaye shi ko ciwon baya ne. Ya ce a'a, gaisuwa ya kawo wa mai ƙasa, tunda yanzu ƙanwarsa ta mallaki tsibiri guda. Ya ce in je shagon kayan jirgi in duba bango, sabuwar taswirar gwamnati ta iso.

Na je da ƙamshin kifi a hannuna. Maza sun taru a gabanta, da suka gan ni suka buɗe mini hanya, abin da ba su taɓa yi ba. Ga Tsibirai Dubu, kowane da siffarsa yanzu, babu suna ko a ɗaya. Sai can tsakiya, ga wani da alamar anga, ga zurfin ruwa an jera tun daga bakin hanya, ga alamar tuli a kan tudu da layin da ya haɗa shi da tsagaggen dutse. A gefe, da ƙananan baƙaƙe masu kyau: Tsibirin Oleanna.

Da alamar anga ce kaɗai, da wataƙila an daɗe ba a lura ba. Amma Oleanna nawa ce a garin nan da mijinta ya tuƙa masu taswira, yake kuma dawowa da gashi buhu-buhu daga wurin da ba a sani ba? Ko wawan gari ya gane. Ran Lahadi a ƙofar coci mata suka yi ta yi mini barka, matar mai burodi tana tambaya ko yanzu sai da izinina agwagi ke yin ƙwai. Na ce mata e, kuma ita ma ta riƙa neman izini, ko ta ɗan huta. Baki ban rasa ba. Amma Hagbart ya je ya tsaya gaban taswirar nan har aka fara rufe shago, ya dawo ya zauna bai cire takalmi ba.

Ba a jima ba Injiniya Moland ya biyo ta gari a hanyarsa ta arewa, ya zo har gida da taswira a naɗe, an ɗaure ta da jan zare, kyauta ce ya kawo mini. Na ba shi kujera don tarbiyyar babata, kofi kuwa na bar shi a kan murhu. Hagbart ya tsaya jikin taga.

"Ɗigo ka ce, Injiniya."

Fuskar Injiniya ta yi ja har wuya. Ya ce bai manta ba. Ya ce da ya koma ya shimfiɗa aikin, sai ya ga duk wannan yanki babu inda jirgi zai fake in iska ta taso sai nan, kuma hannunsa ya ƙi ya ɓoye mafaka a taswirar da rayukan mutane za su dogara da ita. Suna kuwa, duk wurin da aka sa wa anga dole a raɗa masa, kuma da bai yi sauri ba da an sa sunan matar wani babba da ba ta taɓa ganin ƙanƙara ba sai a cikin kofin sha. Shi ya ga gara a sa na matar da ta ciyar da shi.

Na ce masa, "Ranka ya daɗe, kifi da dankali na ba ka. Da ka ce ka gode, da ya isa."

Ya ce zai yi magana a hana taɓa agwagin. Mai yiwuwa ya yi, ban sani ba. Doka dai ba ta da jirgi a Tsibirai Dubu. Hagbart ya buɗe masa ƙofa ya riƙe har ya fita.

A wannan bazarar Hagbart ya tashi da wuri fiye da kullum, amma injinsa mai tari ba ya tsere da manyan jirage. Ya iske Yaya Kornelius da wasu jiragen sun yi anga a lungun sun gama. Alfon ne ya ba ni labari, shi ma a gutsure. Ɓawon ƙwai ko'ina, ciyawar bara a watse, fuka-fukai na yawo a kan ruwa, tsuntsayen cin mushe sun ƙoshi har ba sa iya tashi. Ƙwan kuwa na gan su da idona a kasuwar Tromso, ganga-ganga, mai sayarwa na cewa na Tsibirin Oleanna ne, sun fi kowane girma.

Yaya ya zo da kansa da kwando guda, wai rabona. Ya ce taswirar gwamnati ce, in bai je ba wani zai je, gara abin ya tsaya a dangi. Na karɓa na yi godiya, na ce ya shiga ya gaida surukinsa. Yana ciki na jera ƙwan a kan kujerar keken dokinsa, daidai inda zai zauna, na rufe da bargo. Tun daga ranar bai sake tako gidana ba, ni ma ban je nasa ba sai ranar da aka fito da shi a akwati.

Shekara ta biyu agwagin da suka dawo ba su taka kara sun karya ba, su ma aka kwashe. Ta uku, Hagbart ya ce zai je ya rushe tulin, ko ɓarayin su rasa bakin hanya, wurin ya huta. Na ce madalla, yau na auri namiji, har na ƙara masa busasshen nama a guzuri. Ya tafi ya dawo. Na tambaye shi ya aka yi. Ya ce ya hau tudu, ya sa hannu a kan dutsen sama, sai ya tuna taswira ta riga ta ce wa kowa akwai tuli a nan. Wani zai zo cikin iska yana neman sa, in bai gani ba zai yi kirdado, kuma kirdado a wurin nan mutuwa ce. Na ce to, sai ka bar shi. Ya sunkuyar da kai ya ce sanyi ya ɗan kwance gindinsa, ya ƙara masa duwatsu.

Na yi mako ban yi masa magana ba. Shi bai lura da wani bambanci ba, ni ce na sha wahala.

Bai sake zuwa arewa ba. Ya sayar da jirgin, ya kama aikin sauke gawayin kwal a bakin jirgi, yana dawowa baƙi ƙirin sai idanu. Injiniya Moland na wucewa ta gari duk bazara, ya zama babba, ya yi furfura. In sun haɗu Hagbart ya cire hula ya gaishe shi kamar yadda ake gaida kowane babban mutum, ya koma kan shebur. Sau ɗaya Injiniya ya tsayar da shi, ina wurin na kai masa abinci. Ya ce ya zo musamman ya gaya masa cewa bara iska ta kama jiragen farauta a wajen Tsibirai Dubu, suka bi taswira suka shiga lungun nan, duk mutanen suka tsira. Ya faɗa yana kallon fuskar Hagbart kamar mai jiran a ce masa ya tashi an yafe.

"Na ji labari," in ji Hagbart. "Na yi murna."

Kuma da gaske yake, don ɗan maƙwabciyarmu na cikinsu. Amma da yamma ya ture kwanonsa bai ci ba. Na ce masa in dai don kifin ne, shi ne wanda Injiniyansa ya ce babu kamarsa. Bai yi dariya ba.

"Da ya tambaye ni, Oleanna," ya ce. "Hunturu biyu yana da su."

Na san abin da yake nufi, kuma shi ya fi ba ni haushi. Da mutumin ya dawo ya zauna a kujerar nan ya ce Kyaftin, ga halin da ake ciki, ga rayukan mutane, da sakaran mijina ya yi kwana biyu yana shan taba ya ce a sa. Da wataƙila ya roƙi a ba shi shekara ya nemi yadda zai tsare wurin, da ya ce a sa masa sunan kowace mata a duniya ban da ni. Amma ba a tambaye shi ba, shi da aka riƙe wa hannu.

Ƙirji ne ya kashe Hagbart, ƙurar kwal ta cika shi. Injiniya ya aiko da furanni masu yawa, fasto ya tambaye ni inda za a ajiye su, na ce ya sa su can baya wajen ƙofa, inda ake ajiye laima.